Idan Farin Ƙwai Ya Fashe, A Ajiye Tsintsiya

Wannan karon layi ya zo kanmu, sai muka ga bari mu ɗan huta da zancen jigo da salo, mu taɓa wani abu da ke rataye a saman kawunanmu duk daren da muka zauna rubutu, wato ƙwan fitila.

Mafi yawanmu a wannan zaure da dare muke samun kanmu. Da rana akwai shago, akwai lacca, akwai girki da wankin yara, akwai yawon kai takardun neman aiki. Sai gida ya yi tsit sannan ake jawo biro ko waya. Idan an yi sa'a akwai wuta, ko ƙaramin janareto, ko ɗan batirin sola, to ƙwan da ke sama shi ne abokin hira har ƙarfe ɗaya ko biyu. Ƙwan da muke nufi shi ne farin nan mai murɗaɗɗen gilashi kamar alkaki, wanda masu shago ke kira enaji, da kuma yayansa, dogon nan mai kama da sandar rake da har yanzu yake cike da azuzuwa da ofisoshi da ɗakunan asibiti. Su biyun dangi ɗaya ne, ana ce musu fuloresan. Gaskiya ne ƙwan LED ya fara ture su daga kasuwa, amma ba su ƙare ba. Wasu suna ci, wasu sun mutu an bar su a maƙale, wasu suna kwance a saman wadrob, wasu kuma suna kan hanyar bola.

Bari mu fara ba farin ƙwai haƙƙinsa, don ya yi mana rana. Duk wanda ya tashi a zamanin jan ƙwai ya san yadda ɗaki ke komawa a watan Afrilu idan an kunna shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da jan ƙwai ke ja zafi take zama, ɗan ragowar ne haske. Farin ƙwai mai wat 15 kuwa yana ba da hasken da jan ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. A ɗauki gida mai ƙwai 5, ana kunna su awa 6 kowane dare. Da jan ƙwai, a kwana 30 za su sha yunit 54. Da fari, yunit 13 da rabi. Mai sayen katin mita ya san abin da yunit 40 ke nufi a aljihu. Ga kuma tsawon rai: jan ƙwai yakan yi kimanin awa 1,000, fari mai kyau kuwa yakan haura awa 6,000. Shi ya sa a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga matsalar wuta, gwamnatin Gana ta raba farin ƙwai miliyan 6 kyauta don a sauke ja. Abin arziki ne, babu musu.

To amma me ke cikinsa? Mu dai sai da muka shiga kwalejin kimiyya da fasaha, a shekararmu ta farko ta difloma a sashen lantarki, sannan wani malaminmu ya ɗaga ƙwai ɗaya a gaban aji ya nuna mana haruffa biyu da aka buga a gindinsa: Hg. Ya ce wannan alamar zaiba ce, abin da 'yan kimiyya ke kira makuri. Tsofaffi sun san zaiba. Ita ce ƙarfen nan mai sheƙi da ke gudu kamar ruwa, wadda ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, wadda kuma masu haƙar zinare ke amfani da ita wajen tsamo zinare daga dakakken dutse. Farin ƙwai ba ya haske sai da ita. Idan wuta ta ratsa cikin gilashin, sai ta motsa tururin zaibar, shi kuma ya fitar da wani haske da ido ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke karɓar wannan ɓoyayyen haske ta mayar da shi farin da muke karatu da shi.

Kada wannan ya tsorata kowa har ya tashi ya kashe fitila. Muddin gilashin bai fashe ba, zaibar a kulle take, ba ta fita. Kuma kaɗan ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a matsakaici ƙwai ɗaya na ɗauke da kimanin miligiram 4, alhali tsohon ma'aunin zafin jiki na ɗauke da kimanin miligiram 500. Wato sai an tara ƙwai sama da 100 kafin a kai ma'auni ɗaya. Fashewar ƙwai ɗaya ba abin da za a kwashi mutum zuwa asibiti ba ne. Sai dai ɗan hakin da ka raina shi ke tsole maka ido. Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari, ta huhu yake shiga jiki, kuma abin da ya fi taɓawa shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Waɗanda ya fi yi wa illa su ne ƙananan yara da ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaiba cikin sinadarai 10 da suka fi zama abin damuwa ga lafiyar jama'a. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu rage yawan abin da yaro zai shaƙa, kuma wannan ba ya cin ko sisi.

A nan ne tsintsiya ta shigo. A gidan Bahaushe, da zarar an ji ƙarar fashewar gilashi, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakin kowace uwa: a kawo tsintsiya. Kuma ƙauna ce ke sa ta faɗa, don kada wani ya taka. Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah muna gidan yayarmu ana kwalema, sai doguwar tsintsiyar cire yana ta doki ƙwan falo, ya faɗo ya tarwatse a kan ledar ɗaki. Autanta yana rarrafe a gefen kujera. Nan take ta ƙwala wa babbar 'yarta kira, mai shekara 9, ta ce ta zo ta share, ta kuma ƙara gudun fanka don ƙurar ta fita.

Muka ce, "Yaya, don Allah a ajiye tsintsiyar nan tukuna. Ɗauki yaron nan mu fita tsakar gida."

Ta kalle mu ta ce, "Yau kuma wane karatun ne ya motsa? Gilashi ne fa."

Muka ce, "Gilashi ne, amma da abu a cikinsa. Minti goma kawai muke roƙo."

Ta saɓa yaron a kafaɗa tana mita, ta fita. Da muka yi mata bayani a waje, tambaya ɗaya ta yi mana, wadda har yau ba ta bar mu ba. Ta ce, "To shekara nawa muna sayen abin nan, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mana?" Muka ɗauko kwalin sabon ƙwan da aka sayo don maye gurbi. Gargaɗin yana nan a jiki: ga Hg, ga hoton kwandon shara da aka soke da gicciye, ma'ana kada a haɗa shi da sharar gida. Amma da ƙananan haruffan Turanci aka rubuta, a gefen da ba wanda ke dubawa. Yayarmu tana karanta Hausa sarai, littafin da ba ta karanta ba a cikin na marubutanmu kaɗan ne. Ba a dai taɓa rubuta mata wannan da harshenta ba.

Ga yadda ake yi, kuma mun juya shi ya dace da irin ɗakunanmu, don waɗanda suka tsara ƙa'idar da gidajensu suka yi lissafi.

Da farko a fitar da kowa, musamman yara da mai juna biyu, har da kyanwa idan akwai, kuma kada a bi ta kan ɓaraguzan. A buɗe taga da ƙofar da ke kallon tsakar gida ko waje, a ɗage labule. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, don fanka watsa hodar take yi ta kai ta kan gado da kwanukan abinci. A bar ɗakin ya sha iska minti 5 zuwa 10, idan an ƙara ma ya fi. Wannan jira shi ne rabin aikin, domin a mintunan farko ne tururin ya fi yawa.

Na biyu, babba ne zai kwashe, ba yarinyar da aka saba aike ba. A sa takalmi. Idan babu safar hannu, a zura hannu cikin leda. A sami kwali mai tauri guda biyu, ko bangon tsohon littafin rubutu, a riƙa tura gilashin da ɗaya zuwa kan ɗayan a hankali. Ƙananan ɓurɓushi da farar hodar kuma a danna musu salatef, za su manne. Daga nan a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma ko jiƙaƙƙiyar takarda wadda ba za a sake amfani da ita ba. Tsintsiya tana tayar da hodar sama, sannan ta riƙe wata a bakinta ta kai ta duk ɗakin da aka share gobe. Injin zuƙar ƙura ma haka, hura tururin yake yi ya cika ɗaki. Idan ɗakin ƙasa ne ba siminti ba, a kankare saman ƙasar wurin da kwalin a haɗa. Idan a kan tabarma ko darduma ya fashe, bayan an tsince a naɗe ta a fitar waje ta sha iska, nesa da wurin wasan yara. Abincin da ke buɗe a kusa kuwa a haƙura da shi.

Na uku, a zuba komai cikin mazubi mai murfi: gilashin, kwalin, salatef ɗin, tsumman, har ledar hannun. A wani bincike da ta wallafa a 2008, hukumar kare muhalli ta jihar Maine a Amurka ta farfasa irin waɗannan ƙwayaye a ɗakin gwaji tana auna iska. Ta gano cewa kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe ce ta fi riƙe tururin, leda kuwa yana ratsa ta. Ta kuma ga cewa sau da yawa tururin ya fi yawa a kusa da ƙasa fiye da daidai hancin babba. Ku tuna wane ne hancinsa ke kusa da ƙasa a gidajenmu. Saboda haka kwalba ce ta farko, sai gwangwani mai murfi. Idan leda kaɗai ke akwai, a ninka ta biyu a ɗaure, a fitar da ita waje nan take, kada ta kwana a ɗaki. Kuma tunda mu mutane ne da ba ma yar da kwalba, a rubuta a jikinta, don kada wata rana a wanke ta a zuba yaji. A ƙarshe a wanke hannu da sabulu, a bar taga a buɗe na wasu awanni.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Wajen ɗaurawa ko cirewa, a kashe makunni, a bari ya huce, a riƙe shi ta gindin roba, kada a murɗa ta gilashi, nan ne yake yawan fashewa a hannu. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa kafin a hau kujera. Ɗakin da yara ke buga ƙwallo, da fitilar gefen gado da ake iya turewa, ba wurin farin ƙwai ba ne. Yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, haka wutar da ke zuwa da rauni ko da ƙarfi fiye da kima. Idan ya fara ƙyafta ido, ko gindinsa ya yi baƙi, ko ana jin ƙaurin roba, lokacin sauke shi ya yi.

Amma ƙwan da ya fashe a ɗaki shi ne ƙaramar matsalar, don aƙalla akwai babba a kusa. Babbar ita ce ta wanda ya mutu lafiya lau aka jefa shi cikin bokitin shara. Mu bi shi mu gani. Almajirin da ke yi wa gida aiki ne zai ɗora bokitin a kansa. A bola zai juye, ƙwan ya fashe a gabansa. Yaran unguwa kuwa dogon nan ne abin nemansu, suna maka shi da bango don su ji ƙarar, farar ƙura ta tashi su tsaya a cikinta suna dariya. 'Yan gwangwan za su zo su fasa gindin da hannu su ciri ɗan ƙarfen da ke ciki. Da yamma wani zai cinna wa bolar wuta, zafi kuwa shi ke mayar da zaiba tururi, hayaƙin ya bi iska ya shiga gidajen da ke kewaye. Damina ta zo ta wanke ragowar zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi. Wanda ya ci moriyar hasken yana ɗaki, wanda ya shaƙi ƙurar yana bola, kuma kusan kullum shi ne ƙarami, shi ne marar gata.

Zaiba ba ta ruɓewa, wuri take canzawa. Idan ta shiga ruwa, ƙananan halittun da ke cikin taɓo suna juya ta zuwa wani nau'i mafi haɗari, wanda ke taruwa a jikin kifi, daga ƙarami zuwa babban da ya cinye shi, har ya iso faranti. Duniya ta koyi wannan da tsada a garin Minamata na ƙasar Japan. A 1956 likitoci suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta a garin masuntan: mutane suna rasa jin hannu da ƙafa, tafiya tana gagara, magana tana sarƙewa, kyanwoyi suna haukacewa suna faɗawa teku. Daga baya aka tabbatar masana'antar Chisso ce ke zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar da suke kamun kifi. Bolar unguwarmu ba Minamata ba ce, tazarar da ke tsakani mai yawa ce. Amma sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba, wadda aka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron Bali na 2022 aka yanke cewa a daina ƙera murɗaɗɗen farin ƙwan gida da shigo da shi bayan 2025. A taron Janeba na 2023 aka sa wa dogon wa'adin 2027. Abin da ya kamata mu sani shi ne, ƙasashen Afirka ne suka gabatar da wannan buƙata. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, farin ƙwai yana bankwana, kuma duk waɗanda ke maƙale a silin ɗinmu yanzu za su mutu ɗaya bayan ɗaya a 'yan shekarun nan. Inda za su kwanta yana hannunmu.

A ƙasashen Tarayyar Turai akwai akwatunan tara matattun ƙwayaye a manyan shaguna, daga nan a kai su inda ake raba gilashi da ƙarfe da zaiba. Mu kuwa mun zaga shagunan kayan wuta na layinmu muna tambaya ko suna karɓar matacce. Wani ya yi dariya, wani ya ce mu kawo in dai za a iya gyarawa, wani dattijo kuma ya ce shekararsa 20 yana sayarwa bai san da wani abu a ciki ba, ya sa muka nuna masa Hg ɗin da yatsa. Kafin a samu wurin kaiwa, abin yi shi ne kada a fasa, kada a ƙona, kada a jefa a masai ko kwata ko tsohuwar rijiya. A mayar da matacce cikin kwalin sabon da ya gaje shi, ko a naɗe shi da jarida, a tara a kwali ɗaya, a rubuta "zaiba, kada a fasa", a ajiye a sama inda hannun yaro ba ya kai kuma ruwa ba ya taɓawa. Gida ɗaya ba zai tara abin da ya fi ƙarfin kwali guda a shekaru ba. Idan ya zama dole a fitar, a miƙa wa babban mai kwasar shara hannu da hannu, a gaya masa abin da ke ciki. Wanda ke ci lafiya a bar shi ya ƙarasa kwanansa. Idan ya mutu, a maye shi da LED, wanda ba shi da zaiba kuma ya fi shi tsimin wuta. Idan kuma aka ga ana karyar da farashin tsohon kaya a kasuwa, a tuna araha ba ta ado.

To ina ruwan zauren marubuta da wannan? Amsar tana cikin tambayar yayarmu. Matan da ke kiran a kawo tsintsiya su ne ke karanta labaranmu a waya, shafi bayan shafi, suna jiran ci gaba. Muna shiga ɗakunan da takardar gargaɗi ba ta taɓa shiga ba. A labaranmu ana yawan fasa abubuwa, kofi da madubi da faranti, idan rai ya ɓaci. Ba sai tauraruwar labari ta tsaya ta yi lacca kan sinadarai ba, wannan zai kashe labarin. Ya isa a ce ƙwai ya faɗo, ta sunkuci jaririn, ta buɗe taga, ta hana ƙanwarta ɗaukar tsintsiya, uwar miji ta yi mata kallon mai iyayi. Ga rikici ya samu, ga ilimi ya wuce ba a ji ba. Kuma a yi amfani da kalmar zaiba. Tamu ce, tana nan tun kafin a kawo lantarki, kuma dattijo zai gane ta nan take.

Abu na biyu, a taron wata na ƙungiyarmu ta marubuta za mu gabatar da shawarar a ajiye kwali ɗaya da mambobi za su riƙa kawo matattun ƙwayayensu a naɗe, sannan a rubuta wa ofishin kula da muhalli na jiha takarda a tambaye su inda za a kai. Rubuta takarda dai sana'armu ce. Duk wanda ke da reshe a garinsu zai iya gwada haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu murya mai daɗi kuma su karanta matakan nan uku a saƙon murya na minti biyu, su tura zauren dangi a WhatsApp, saboda iyayenmu da ba sa karatun boko.

Muna kuma da roƙo ɗaya. Mu enaji muka taso muka ji ana cewa, wasu su ce farin ƙwai, wasu gulob. 'Yan uwa na Sakkwato da Katsina da Zariya, da na Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana yadda ake kiransa a wajenku, don idan za a rubuta gargaɗin a rubuta shi da sunan da kowa zai gane. Gyara da ƙarin bayani kuma ƙofa a buɗe take, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai mun ji daga gare ku.